Makaɗi a Matsayin Malami: Nazarin Koyon Rawar Gargajiya a Azuzuwan Al'umma na Sabon Tasha, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake koyon rawar gargajiya a zaman koyo da ƙungiyoyin al'umma ke shiryawa a Sabon Tasha, kudancin birnin Kaduna, inda makaɗa ke buga kayan kiɗa kai tsaye a gaban masu koyo. An yi amfani da bitar rubuce-rubuce da kuma lura da zaman gwaji. Nazarin ya nuna cewa aikin koyarwa ya kasu tsakanin jagoran rawa da makaɗi, kuma kaso mafi nauyi yana hannun makaɗin. Saboda haka maye gurbinsa da naɗaɗɗen kiɗa yana raunana tsarin koyon tun daga tushe. Maƙalar ta ba da shawarar a mayar da hankali ga horar da sababbin makaɗa da tallafa wa zaman gwaji na mako-mako.

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Arewacin Nijeriya ba a gina wa rawa makaranta ba. Yarinya takan tashi tana kallon yayyenta a dandali a daren farin wata, yaro kuma yana jin gangar noma tun yana kai wa 'yan gayya ruwa. Kafin su balaga, taku ya zauna musu a ƙafa ba tare da wani ya zaunar da su ya ce yau ga darasi ba. Zaman birni ya sauya wannan tsari. Gidan haya ba shi da dandali, maƙwabci ba lallai ne ya zama ɗan ƙabila ɗaya ba, lokacin yaro kuma ya rabu tsakanin makaranta da talla ko koyon sana'a. Abin da a da ake tsinta a rayuwar yau da kullum, yanzu sai an sa masa rana da wuri.

Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi uku. Na farko, a ina ake koyon rawar gargajiya a Sabon Tasha? Na biyu, waɗanne matakai mai koyo yake bi? Na uku, wane aiki makaɗi yake yi a cikin koyarwar, kuma me ake rasawa idan babu shi?

An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi uku. "Ajin al'umma" shi ne zaman koyo da wata ƙungiya ta sa-kai ke shiryawa a wajen manhajar makaranta. "Kiɗan kai-tsaye" shi ne wanda makaɗi ke bugawa a wurin rawar, yana ganin masu yin ta. "Naɗaɗɗen kiɗa" shi ne wanda ake kunnawa daga waya ko kwamfuta ta lasifika.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun kasu gida uku. Kashi na farko ya dubi kiɗan Hausa da matsayin makaɗa. Smith (1957) ya bayyana aikin roƙo da yabo a zamantakewar Hausawa da matsayin masu yin sa. Ames da King (1971) sun tattara sunayen kayan kiɗa, rukunan makaɗa da lokutan da ake kowane kiɗa. Kofoworola da Lateef (1987) sun dubi kiɗa da wasannin Hausawa a matsayin fasahar aiwatarwa, Gusau (1993) kuma ya shimfiɗa matakan nazarin waƙar baka. Waɗannan ayyuka sun fi ba da ƙarfi ga matanin waƙa, kayan kiɗa da rabe-raben makaɗa. Hanyar da mai rawa ke bi har ya iya ba ta sami irin wannan kulawa ba.

Kashi na biyu ya dubi tsarin kiɗan Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Jones (1959) ya nazarci yadda ganguna da dama ke saƙa bugu daban-daban a lokaci guda a kiɗan Ewe na Ghana. Nketia (1974) ya nuna cewa a yawancin al'ummomin Afirka ana koyon kiɗa ne ta hanyar sauraro da shiga cikin sha'ani, ba ta darasin da aka tsara ba. Chernoff (1979), wanda ya koyi kiɗa a wurin makaɗan Dagomba a Tamale, ya kafa hujjar cewa kiɗan ba ya cika sai da mai rawa, domin ƙafarsa ce ke fito da bugun da ganguna suka bari a ɓoye. Agawu (2003) ya ja hankali cewa yawan nanata sarƙaƙiyar bugun Afirka yakan sa a ɗauke shi tamkar wata baiwar jini, alhali ilimi ne da ake koya. Wannan maƙala ta ɗauki gargaɗin Agawu da muhimmanci.

Kashi na uku shi ne ra'in koyo ta hanyar shiga sha'ani na Lave da Wenger (1991). Sun nuna cewa sabon shiga yakan fara daga gefe da ƙananan ayyuka, yana matsawa tsakiya gwargwadon ƙwarewarsa. Daga cikin misalansu akwai almajiran teloli na ƙabilun Vai da Gola a Laberiya. A kan wannan ra'i aka ɗora nazarin.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar bincike ta bayani da siffantawa. An karanta ayyukan da aka ambata a sama, sannan aka lura da zaman gwaji na ƙungiyoyi iri daban-daban a Sabon Tasha da unguwannin da ke kewaye da ita. A kowane zama an dubi abubuwa huɗu: tsarin tsayuwar mahalarta, wanda ke ba da umarni da yadda yake bayarwa, yadda ake gyara kuskure, da abin da ke faruwa ga saurin kiɗa idan sabon shiga ya shigo. An sakaya sunayen ƙungiyoyi da mutane. Farfajiyar binciken ba ta haɗa da raye-rayen dodanni da na tsafi ba, domin koyonsu yana da nasa sharuɗɗan sirri.

4.0 Sabon Tasha a Taƙaice

Sabon Tasha tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun mai hedikwata a Kujama, a kan hanyar da ta fita daga Kaduna zuwa Kachia. Gbagyi su ne mazauna yankin na asali. Bayan da Turawan mulki suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya riƙa jawo ma'aikata. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, matatar man fetur kuma aka buɗe ta a 1980, dukkansu a kudancin kogin Kaduna. Waɗannan masana'antu sun kawo Bajju, Atyap, Ham, Agworok da Adara daga kudancin jihar, tare da Tibi, Idoma, Ibo da Yarbawa daga wasu sassan ƙasar. Rikice-rikicen Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002 sun sa mazauna birnin sun sake rarrabuwa bisa addini, inda Kiristoci da yawa suka koma unguwannin kudu irin su Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Boro da Romi.

Wannan tarihi ya haifar da abubuwa biyu da suka shafi batunmu. Raye-rayen ƙabilu masu yawa sun taru a unguwa ɗaya, nesa da ƙauyukan da suka haife su. Sannan Hausa, tare da Ingilishi, ta zama harshen da ya haɗa mazauna, har ta kai ana koyar da rawar wata ƙabila da harshen Hausa ga yaran da aka haifa a birni, waɗanda harshen iyayensu, Jju ko Tyap ko Hyam, bai zauna a bakinsu ba.

5.0 Nazari

5.1 Wuraren Koyo

An gano rukunan ajin al'umma guda uku. Na farko kuma mafi ɗorewa shi ne na majami'u. Masu wa'azin mishan na farko sun yi wa ganga da rawa kallon abubuwan da suka jiɓinci tsafi, amma daga baya kayan kiɗan gida suka sami wurin zama a ibada. A ikilisiyoyin ECWA, HEKAN, Baftis da Katolika, ƙungiyar Zumuntar Mata na haɗuwa a ranakun mako domin koyon waƙa da taku, da tulu, kuge, caki da ganga a hannun matan kansu. Ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, waɗanda suka samo asali daga yunƙurin bishara na shekarun 1960, su ma suna da nasu kiɗa da taku. Abin lura a nan shi ne cewa kiɗa hidima ce ga ikilisiya, ba sana'ar gado ba, don haka ƙasƙancin da Smith ya bayyana game da maroƙa bai hau kan mai buga shi ba.

Rukuni na biyu shi ne na ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu da garuruwa. Rassansu na Kaduna sukan kafa 'yan rawa domin bukukuwan aure, tarbar baƙi, jana'izar dattawa da kuma wakiltar reshe a bukukuwan gida, kamar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi. Gwaji yakan yi zafi idan biki ya gabato, ya kuma lafa bayansa.

Rukuni na uku shi ne na matasa masu rawa domin neman abin kansu. Su ba su tsaya ga ƙabila ɗaya ba. Ƙungiya guda takan koyi swange na Tibi, atilogwu na Ibo, bata na Yarbawa da koroso na Hausawa, domin ta amsa kowace gayyata. A wannan rukuni ne gasa tsakanin makaɗi da lasifika ta fi bayyana.

5.2 Matakan Koyo

Duk da bambancin rukunan, matakan koyo sun yi kama da juna, kuma sun dace da ra'in Lave da Wenger.

(a) Sauraro da tafi. Sabon shiga yakan tsaya a gefe yana tafi ko amshi. A nan kunnensa ke gano ginshiƙin kiɗa, wato bugun kuge ko caki da ba ya sauyawa, wanda sauran kayan kiɗa ke kewayawa a kansa.

(b) Takun tushe. Yakan shiga ƙarshen layi ko bayan da'ira, yana bin ƙafar wanda ke gabansa. Ba a cika yi masa bayani da baki ba.

(c) Raba gaɓoɓi. Bayan ƙafa ta zauna, sai a ƙara kafaɗa, ƙugu ko hannu. Wannan ne mataki mafi wuya, domin ƙafa na bin ginshiƙin kiɗa yayin da kafaɗa ke bin wata ganga daban. Kacau-kacau da ake ɗaurawa a ƙafa yana taimakawa, domin yana mayar da kowane taku sauti, kuskure ya fito fili.

(d) Gane alamar juyi. Mai koyo yana koyon jin gajeren bugun da babbar ganga ke yi domin sanar da sauyin taku, juyawa ko tsayawa.

(e) Fita tsakiya. Mai koyo yana fuskantar makaɗi shi kaɗai ko su biyu. Wannan ita ce jarrabawa, kuma guɗa da liƙi su ne sakamakonta.

5.3 Ayyukan Makaɗi a Koyarwa

Jagoran rawa yana nuna siffar motsi: ina ƙafa za ta sauka, yaya za a karya gwiwa. Amma motsi ba ya zama rawa sai ya faɗa a kan lokacinsa, lokaci kuwa a hannun makaɗi yake. Nazarin ya fito da ayyuka huɗu da yake yi wa masu rawa.

Na farko, daidaita sauri. Makaɗin da ya ƙware idonsa na kan ƙafafu. Idan ya ga na ƙarshen layi sun fara haɗa ƙafa, yakan sassauta ba tare da ya tsayar da kiɗa ba, sannan ya ƙara wuta a hankali idan sun dawo kan hanya. Ta haka ake ɗaga mai koyo daga saurin da yake iyawa zuwa saurin da rawar ke bukata, a cikin zama guda, ba tare da an kunyata shi ba.

Na biyu, ba da umarni. Alamar juyi ba ta da ƙayyadadden lokaci. Makaɗi ne ke yanke shawarar yaushe za ta zo, bisa abin da yake gani. Wannan yana tilasta wa mai rawa ya kasa kunne daga farko har ƙarshe. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma a ajin al'umma wannan ƙa'idar aiki ce da ake horar da mutum a kanta. A wurin masu kalangu abin ya wuce alama, domin matsa tsarkiya a ƙarƙashin hammata yana ɗaga sauti ko sauke shi daidai da karin harshen Hausa, har a kira mutum da takensa ya fito fili.

Na uku, gyara kuskure. Idan mai koyo yana sauke ƙafa kafin lokaci ko bayansa, makaɗi yakan matso kusa da shi ya nauyaya bugun da ya kamata ƙafar ta faɗa a kai, ya yi ta maimaitawa har ta faɗa. Gyaran yana zuwa ne a daidai lokacin kuskuren, ta kunne, jiki kuma yana karɓarsa kafin tunani ya kai ga fassara shi. Bayanin baki ba ya iya yin haka, domin sai an tsaya kafin a yi shi.

Na huɗu, ba da lada. Idan mai rawa ya kawo wani salo nasa, makaɗi yakan amsa masa da bugun da ya dace da salon. Daga nan mai rawa ke fahimtar cewa shi ma yana da abin faɗa, kuma ana jin sa. Wannan shi ne abin da Chernoff ya bayyana game da cikar kiɗa da rawa, kuma a nan ne ƙirƙira ke tsirowa.

Akwai aiki na biyar da ba ya fuskantar masu rawa. A gefen babban makaɗi akwai yaro ko yarinya riƙe da kuge ko caki. Wanda ya iya riƙe ginshiƙin kiɗa ba tare da ya kauce ba, shi ake miƙa wa ƙaramar ganga, daga nan kuma babba. Ashe kowane zaman koyon rawa zaman koyon kiɗa ne a lokaci guda.

5.4 Naɗaɗɗen Kiɗa: Riba da Asara

Dalilan komawa ga lasifika a bayyane suke. Makaɗi yana bukatar sallama da kuɗin mota, fatar ganga tana yagewa, kuma ba kullum ake samun makaɗin wata ƙabila a unguwa ba. Waya kuwa tana aljihun kowa. A makarantu, inda ake shirya yara domin ranar al'adu cikin ƙurarren lokaci, naɗaɗɗen kiɗa ya fi sauƙin samu. Yana kuma da amfani na gaske wajen adana kiɗan tsofaffin makaɗa da kuma bita a gida.

Sai dai idan aka auna shi da ayyukan da aka zayyana a 5.3, babu ko ɗaya da yake iya yi. Saurinsa ɗaya ne ga gwani da ɗan koyo. Juyinsa yana zuwa a wuri ɗaya kullum, don haka mai koyo yakan koma ƙirga taku a zuci maimakon sauraro. Ba ya ganin kuskure, ba ya amsa salo. Sakamakon shi ne mai rawar da ya haddace jeri guda na motsi, wanda yakan rikice idan aka haɗa shi da makaɗi a filin biki. Asara mafi girma kuwa ita ce ta magada: inda babu babban makaɗi, babu mai riƙe kuge a gefensa.

5.5 Kwatanci da Azuzuwan Ƙasashen Waje

Rawar Afirka ta Yamma ta zama darasin da ake biya a shiga a biranen Amurka da Turai. Tushen wannan yana komawa ga ƙungiyar Les Ballets Africains ta Keïta Fodéba, wadda ta zama ta ƙasar Gini bayan samun 'yanci a 1958, da faifan Drums of Passion na Babatunde Olatunji, da bikin DanceAfrica da Chuck Davis ya fara a New York a 1977, da kuma makarantun gangar jembe na Mamady Keïta. Charry (2000) ya nuna yadda salon dandamali na waɗannan ƙungiyoyin ƙasa ya bambanta da kiɗan bukukuwan ƙauye. A irin waɗannan azuzuwa malami yana rarraba taku gaɓa-gaɓa, ɗalibai su jeru layi-layi su nufi makaɗa, a ƙarshe kuma su gode musu. Tsarin ya bambanta da na Sabon Tasha ta fuskar kuɗi da yawan bayanin baki, amma ya riƙe kiɗan kai-tsaye duk da tsadarsa. A Afirka ma, ƙungiyar rawa ta ƙasar Ghana da aka kafa a 1962 a Jami'ar Ghana da ke Legon ta ɗauki ƙwararrun makaɗan gargajiya aiki tare da masu rawa. Darasin shi ne cewa waɗanda suka mayar da wannan ilimi tsararren darasi ba su ga makaɗi a matsayin abin da za a iya ragewa ba.

6.0 Shawarwari

Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba na kayan tarihi ba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005, ta sanya miƙa ilimi daga tsara zuwa tsara cikin ma'anar kariya. Bisa wannan da sakamakon nazarin, ana ba da shawarwari kamar haka:

(a) Ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu da majami'u su ware kaso a kasafinsu na shekara domin sallamar makaɗa da gyaran kayan kiɗa, su kuma ɗora wa kowane babban makaɗi alhakin horar da matasa, maza da mata.

(b) Makarantun da ke koyar da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira su riƙa gayyato makaɗan unguwa zuwa zaman gwaji, ba ranar biki kaɗai ba.

(c) Hukumomin al'adu na jiha da na ƙaramar hukuma su tallafa wa gwajin mako-mako da wurin zama, maimakon tara kuɗi duka a kan bikin kwana ɗaya.

(d) A shirya zaman koyo na haɗin gwiwa tsakanin makaɗan kudancin kogi da na arewacinsa, domin masu kalangu da masu ƙaho su koyi bugun juna.

(e) Sassan nazarin wasan kwaikwayo da harsunan Nijeriya na jami'o'in Zariya da Kaduna su naɗi zaman gwaji da hoton bidiyo mai nuna hannun makaɗi da ƙafar mai rawa a tare.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ajin al'umma a majami'u, ƙungiyoyin ƙabilu da ƙungiyoyin matasa shi ne ya gaji aikin dandali a Sabon Tasha. Ta nuna cewa mai koyo yana tafiya daga gefe zuwa tsakiya ta matakai biyar, kuma a kowane mataki makaɗi ne ke daidaita sauri, ba da umarni, gyara kuskure da ba da lada, yana kuma renon wanda zai gaje shi. Naɗaɗɗen kiɗa yana da amfani wajen adanawa da bita, amma ba ya koyarwa. Duk wani shiri na raya rawar gargajiya a birni da bai fara da horar da makaɗa da biyan haƙƙinsu ba, zai samar da masu haddar motsi ne kawai, ba masu rawa ba.